Shawara: Gyambo ya fito wa maigidana bayan korona, ana kankarewa yana ƙara faɗi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana da garinmu. Maigidana ne ba lafiya. Lokacin sanyin nan da ya wuce mura ta kama shi, daga tari da zazzaɓi sai numfashi ya fara gagararsa, muka kai shi asibiti aka kwantar da shi aka sa masa oksijin, da aka yi gwaji suka ce korona ce, mu da muka ɗauka ta wuce tuntuni. Allah ya taimaka ya tashi aka sallame mu. To ba a daɗe ba sai wani ɗan ƙurji ya fito masa a ƙwauri kamar maruru, ya fashe, maimakon ya bushe sai ya dinga faɗi, gefensa ya yi baƙi-baƙi, ga azabar zafi wlh ko barci ba ya yi, namiji babba sai ki ga yana hawaye. Mai kemis ya yi masa allurai kala-kala ba sauƙi. Yayansa ya kawo wanzami ya tsaga ya yi ƙaho wai mugun jini ne, sai abin ya ƙara buɗewa. Muka je wani ƙaramin asibiti suka kankare naman da suka ce ya mutu, kafin sati ya zagayo ya kusa ninkawa, yanzu ya kai tafin hannuna, kuma wani ya fito a bayan hannunsa daidai inda aka sa masa allurar ƙarin ruwa. Suna cewa a sake kankarewa, har wani ya ambaci yanke ƙafa.

Hajiyarsu ta ce sammu ya taka, tana so a tafi da shi ƙauye wurin mai magani, kuma daga maganganun da take yi a gabana na gane har da ni take zargi saboda mun ɗan samu saɓani da shi kafin ciwon. Ni kuma tsoro ya sa na ware masa kwano da kofi na hana yara shiga ɗakinsa, ga ni da goyo, rannan ya kalle ni ya ce "ke ma kin guje ni ko?" wlh maganar nan ta tsaya min a rai. Ɗinki nake yi, kuɗin adashina da ɗan kunnena duk sun tafi. Anti koronar ce ta rage a jikinsa? Ana ɗauka? In bari su tafi da shi ƙauyen ko in yarda a sake aikin? Ban san wa zan saurara ba.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya ya saka miki da alheri. Kina ɗauke da miji kwance da goyo a baya da zargin da ba ki ci ba ki sha ba, kuma duk da haka kin zauna kin rubuto labarin ciwon nan tsaf daki-daki, wallahi lurar da kika yi ita ce za ta fi taimakon likitan da zai duba shi, dan haka ki daina ganin kamar ba ki yin komai.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Dan Allah kar a sake taɓa gyambon nan da aska ko wuƙa, ta wanzami ce ko ta asibiti, sai likitan fata ya gan shi da idonsa. Ki duba labarin da ke da kanki kika ba ni, an tsaga ya buɗe, an kankare ya ninka, inda allura ta huda ma wani ya fito. Gyambon da ƙwayar cuta ke ci in an wanke an cire mataccen nama an ba da maganin da ya dace yawanci sauƙi yake fara yi, naku kuwa kowace taɓawa ƙarfi take ƙara masa. Akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira payodama gangirinosam, wannan shi ne halinsa sak, yana farawa da ɗan ƙurji mai ruwa ko kumburi mai zafi, galibi a ƙafa ƙasa da gwiwa, ya fashe ya dinga cin gefe da sauri, bakin gyambon ya yi duhu ya ɗan ɗago kamar an rarake ƙarƙashinsa, zafinsa kuma ya fi girmansa nesa ba kusa ba. A wasu masu shi ko ƙaramin rauni, hudar allura ko yankan tiyata, sai ya zama sabon gyambo. Tabbatar da cewa shi ne ko ba shi ba ne aikin likitan da zai ga ƙafar ya yi gwaje-gwaje ne, amma alamun da kika lissafa sun isa a dakatar da kankarar nan a nemi ƙwararre.

Tun 1930 wasu likitoci a asibitin Mayo na Amurka suka yi bayaninsa, su ma a lokacin sun ɗauka ƙwayoyin cuta ne ke cin naman, sai daga baya aka gano garkuwar jikin mutum ce da kanta take ɓarnar. Akwai fararen ƙwayoyin jini da Allah ya sa aikinsu yaƙi da cuta, a wannan ciwon sai su taru a fata su yi ta fitar da sinadaran kumburi alhali babu abokin gaba a wurin, kamar 'yan sintirin da aka yi wa ihun ɓarawo, ɓarawon ya tsere amma su suka ci gaba da duka har masu gidan. Shi ya sa allurar kashe ƙwayar cuta komai tsadarta ba ta yi masa komai, shi ya sa kuma duk sabon rauni ƙara tunzura su yake. Ciwon ba ya da yawa sam, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 3 zuwa 10 cikin miliyan a shekara, kinga likita zai iya yin shekaru yana aiki bai taɓa cin karo da shi ba, ga shi a baƙar fata launin gefen nan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Na faɗi haka ne dan kar ki riƙi ma'aikatan ƙaramin asibitin nan a rai, sun yi abin da ake yi wa yawancin gyambo ne, wannan ne bai karɓa ba.

Maganar korona kuma, ba wai ita ce ta maƙale a ƙafar take ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayun 2023 amma cutar ba ta ɓace ba, tana nan tana yawo, kuma in ta yi tsanani har ta kai ga oksijin abin da ke wahalar da huhu ba ƙwayar kaɗai ba ce, har da yadda garkuwar jiki ke harzuƙa fiye da kima. Tun daga 2020 likitoci a ƙasashe daban-daban sun rubuta labarin marasa lafiya da irin wannan gyambon ya fito musu a lokacin korona ko makonni bayanta, ba su da yawa amma akwai su, kuma bayanin da ake yi shi ne harzuƙar nan ce ba ta gama kwanciya ba. Banda wannan korona mai tsanani tana sa jini daskarewa a jijiya, tana kumbura ƙananan jijiyoyin fata, su ma suna kawo gyambo, haka doguwar kwanciya a gado. Akwai kuma wani abu da nake so ki riƙe, tun da binciken da jami'ar Oksfod ta jagoranta a 2020 ya nuna deksametason na rage mace-mace ga masu korona da ke kan oksijin, kusan ko'ina ana ba su shi, magani ne mai amfani amma yana ɗaga suga, mutum da dama a nan ne ciwon sugan da ke ɓoye yake bayyana. To in ba a auna sugansa ba tun da kuka dawo gida, gobe-gobe a auna, wannan ko a ƙaramin asibitin unguwa ana yi.

Likitan kirki ba zai tsaya a kan abu ɗaya ba, kuma ke ma kar ki je da suna ɗaya a baki ki kafe. A wajenmu gyambon ƙafa yana zuwa daga suga, daga sikila musamman kusa da idon sawu, daga jijiyoyin da ba sa mayar da jini sama, daga tarin fuka na fata, daga ƙanjamau, akwai wanda cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa, akwai gyambon Buruli da aka fi gani a wuraren ruwa na kudu da Gana da Kamaru duk da shi yawanci ba ya zafi haka, har da kansar fata. Dole a kore waɗannan tukuna saboda maganin payodama kwantar da garkuwar jiki yake, in aka ba mai tarin fuka ko mai ƙwayar cuta a nama ba tare da an sani ba sai a ƙara dagula lamarin. Kusan rabin masu payodama kuma ana samun wani ciwon a ɓoye tare da shi, kumburin hanji, ko ciwon gaɓoɓi irin na garkuwa, ko matsalar jini, dan haka ki zauna da maigida ki tambaye shi a hankali, yana yawan gudawa mai jini ko majina? Gaɓoɓinsa na sandarewa da safe? Yana rama, yana zufar dare? Maza ba sa son faɗin irin wannan a gaban mutane, ke ce za ki ji ki isar.

Inda za ku nufa shi ne asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya mafi kusa da ku, irin su asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri ko Jos, nan ne aka fi samun likitocin fata. Ki koma ƙaramin asibitin cikin mutunci ki ce muna so likitan fata ya gani kafin a sake aiki, a taimaka mana da takardar turawa, haƙƙinku ne kuma ba rashin kunya ba ne. Ki haɗa takardar sallamar kwanciyar korona da kwalayen duk maganin da ya sha, har na kemis, har na gargajiya, kar ki ɓoye komai dan jin kunya, maganar wanzamin ma ki faɗa. In kun shiga ki faɗi jimlar nan kafin komai: likita duk lokacin da aka yanka ko aka kankare ƙaruwa yake, kuma wani ya fito a inda aka sa allura. Tunda tela ce ke kina da tef, daga yau duk lokacin da za a canza bandeji ki ajiye tef ɗin a gefen gyambon ba tare da ya taɓa ba ki ɗauki hoto da waya a cikin haske, ki rubuta kwanan wata, in kina da tsofaffin hotuna na kafin kankarar da bayanta ki nemo su, likita na ganinsu a jere zai gane abin da baki ba zai iya kwatantawa ba.

Wataƙila likitan fatar da kansa ya ce zai ɗan yanki ƙaramar tsoka daga gefen a kai ɗakin gwaji, kar ki ce to ai Anti ta ce kar a yanka. Wannan daban ne, ɗan kaɗan ne kuma da shi ake kore ciwon daji da tarin fuka da sauran ƙwayoyi, ki yarda a yi. Za su ɗibi jini, su duba ƙoda da hanta, su gwada ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka kafin su fara magani, ba zarginsa ake da komai ba, ƙa'ida ce ga duk wanda za a ba maganin kwantar da garkuwa.

Amma ki ji wannan da kyau dan shi ne iyakar maganar da na yi ta kar a yanka. In kika ga zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ƙafar ta kumbura tana hawa sama cikin awoyi, fatar na yin ƙuraje masu ruwa ko wari ya canza ya yi muni, ko ya fara sambatu, ko numfashi ya dawo yana yi masa wuya ko ƙirji na ciwo, ko jini ya ƙi tsayawa, ba jiran ranar likitan fata, ko tsakar dare ne ku tafi sashen gaggawa. Akwai ƙwayar cuta mai cin nama da sauri da tiyata ce kaɗai ke ceton rai a kanta, kuma tana iya hawa kan kowane gyambo. A can ma ki ba su labarin yadda yake ƙaruwa da yanka, sai su yanke hukunci da saninsu.

In ya tabbata payodama ne, yana da magani alhamdulillah. Waɗanda aka fi farawa da su biyu ne, firednisolon da saikulosforin, wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2015 ya gwada su a kan mutum sama da 100 ya samu kusan ɗaya suke, wajen rabin marasa lafiyar gyambonsu ya rufe cikin wata 6 a kowane ɓangare. Na kawo miki wannan ne dan ki shirya zuciyarki, abin na watanni ne ba na kwanaki ba, amma zafin yakan fara sauka da wuri, gefen ya daina ci, wannan ita ce alamar farko da za ki duba tun kafin rami ya fara cikewa. Wanda bai ji waɗannan ba akwai wasu allurai masu ƙarfi da ake komawa gare su. Yakan bar tabo mai ramuka-ramuka kuma yana iya dawowa, dan haka duk ranar da za a yi masa wata tiyata nan gaba sai an gaya wa likita ya taɓa yi. Yanke ƙafa kuwa ba shi ne maganin wannan ciwon ba, dungulmin ma yana iya kamawa, kar kowa ya sa hannu a wannan takardar kafin ƙwararre ya gani.

Kuma dan girman Allah kar ki ce tunda kin ji sunan magani bari ki aika kemis. Firednisolon yana da araha kuma ana sayar da shi barkatai, wannan ne haɗarinsa, yana ɗaga suga da hawan jini, yana tayar da tarin fukan da ke kwance, kuma in an daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya sai a hankali yadda likita ya tsara. Saikulosforin kuma yana taɓa ƙoda, sai ana auna jini lokaci-lokaci, kuma ba ya shiri da yawan shan su dikulofenak da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba.

Kafin ranar ganin likita abin da za ki yi a gida kaɗan ne amma yana da tasiri. A wanke da ruwan gishirin asibiti irin na leda a hankali, zubawa kawai ba gogewa, ba sifirit ba aidin ba ruwan nan mai kumfa, ba fasa kafso a barbaɗa, ba toka ba garin magani ba man birki. A sa gozi mai basilin wanda ba ya mannewa sannan a naɗe sako-sako, in bandejin ya kama kar a fizge, a jiƙa shi sosai har ya saki da kansa dan fizgar nan ma rauni ce. Ki ba shi maganin zafi kamar rabin awa kafin a buɗe, in farasitamol ba ya riƙe shi ki gaya wa likita ƙarara cewa ba ya barci a rubuta masa wanda ya fi ƙarfi, kar ya koma sayen taramol a gefe. Ya dinga ɗora ƙafar kan filo in yana kwance, in yana shan taba ya ajiye, ki dage da wake da ƙwai da kifi da nono da gyaɗa gwargwadon hali, nama ba ya tsirowa da koko kaɗai.

Yanzu maganar kwano da kofi. Ƙanwata ki mayar da su cikin na kowa. Payodama ba a ɗaukarsa, ba ta taɓawa ba ta abinci ba ta kwanciya, korona kuma kwanakin farko ne ake yaɗa ta, wanda ya yi makonni da sallama ya wuce nan. Abin da ya rage tsafta ce ta kowane ciwo, ki wanke hannu da sabulu kafin da bayan wankin gyambo musamman kafin ki ba yaro nono, tsohon bandeji a ƙulle a leda a kawar inda yara ba sa kaiwa, gyambon ya kasance a rufe. Abu ɗaya ne zai sa in ce a ɗan yi hattara, in har yanzu yana tari mai naci yana rama, to a gaggauta gwajin tarin fuka saboda yaran, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ban ga laifinki ba da kika ji tsoro, uwa ce ke, amma ki duba ta wajensa, mutumin da ya saba fita nema ya dawo da cefane yau ga shi a kwance yana jin warin ƙafarsa, yana ganin kayanki na tafiya saboda shi, yara ba sa shigowa, maganar da ya faɗa miki ba faɗa ba ne, tsoro ne yake kar ya zama abin ƙyama a gidansa. Yau da daddare ki zuba abinci a kwano ɗaya ki zauna ku ci tare, ki ce masa tsoro ne ya sa kuma yanzu kin samu bayani, ki bar yara su shigo su yi masa surutu, kawai a kula kar su faɗa kan ƙafar. Wanda ya sha doguwar jinya irin wannan damuwa na iya kama shi sosai, in kika ga ya daina magana ya daina cin abinci ko yana cewa gara ya mutu, wannan ma ki gaya wa likita, yana cikin abin da ake dubawa.

Kuma a zaman nan ne za ki karanta masa wannan amsar, dan duk rigimar da ake yi a kansa ban ji inda aka tambaye shi me yake so ba. Jikinsa ne, yana cikin hankalinsa, ba mai yi masa aiki sai da yardarsa, ba mai ɗaukarsa zuwa ƙauye in ya ce a'a. Maganar da za ta fito daga bakinsa zuwa ga mahaifiyarsa ta fi taki nauyi sau nawa, ke in kika faɗa gardamar suruka ce, shi in ya ce Hajiya ki yi min addu'a ki bar ni in ga likitan fata tukuna, roƙon ɗa ne.

Ita Hajiya ki yi mata uzuri ko da zuciyarki na ƙuna. Ta ga ɗanta ya kusa tafiya, ya tashi, ga wani ciwo da duk abin da asibiti ya yi ƙara shi yake, wanda bai san akwai ciwon da ke ƙaruwa da yanka ba dole ya nemi wani dalili, kuma mafi kusa a al'adarmu shi ne hannun mutum. Kar ki tsaya musu da ita kan akwai sammu ko babu, ba za ki ci wannan muhawarar ba kuma ba ita ce gabanki ba. Ki ba ta wuri a cikin jinyar, ta yi addu'a ta yi sadaka ta sa a yi sauka, ta yi tofi a ruwa ya sha, sharaɗin kawai kar a zuba komai a kan gyambon kuma kar a tsaga kar a ƙona. Ki roƙe ta ta raka ku asibitin ta ji daga bakin likita, sau da yawa tsofaffinmu in suka ji babban likita ya kira ciwo da suna ya ce ya san shi hankalinsu na kwanciya. In akwai kawu ko limamin da take jin maganarsa ku bi ta wurinsa, ya tuna mata hadisin da ke cikin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, daga bakinsa zai fi shiga. Yayan nasa kuma da ya kawo wanzami neman sauƙi ya kawo shi, kar ki goranta masa, ki nuna masa hotunan a jere ki ce Yaya duba yadda yake yi in an taɓa, ki ɗora masa maganar mota da rakiyar asibiti, in ya dawo ɓangarenki rabin rigimar ta ƙare.

Zargin da ake jefa miki a fakaice yana da ciwo, nasan da haka, amma kar ki amsa habaici da habaici kuma kar ki yi yaji a wannan halin, tafiyarki ita za a riƙe a ce kun gani. Sai dai kar ki haɗiye shi ke kaɗai, ki sanar da mahaifanki ko waliyyinki yanzu cikin natsuwa dan su san halin da ake ciki, in abin ya fito fili aka kira sunanki manya ne za su zauna ba ke ba. Shi ma maigida ki gaya masa sau ɗaya ba tare da kin zagi mahaifiyarsa ba, ki ce abin na damunki, ki bar shi ya san yadda zai ɓullo.

In kuma aka fi ƙarfinki suka tafi da shi ƙauyen da yardarsa, kar ki yanke hulɗa, ki haɗa masa ruwan wankin da gozinsa, ki samu mutum ɗaya mai hankali a can da zai tsaya kan cewa ba tsaga ba sakiya ba shafe-shafe, ki riƙe ranar asibitin, ku yi yarjejeniya tun kafin tafiya cewa ranar nan za a dawo da shi. In asibitin koyarwar ne ya yi muku nisa, ku fara da babban asibitin jiha ku nemi likitan da ke duba cututtukan cikin jiki na manya, ku roƙe shi ya tura hotunan ga abokin aikinsa likitan fata ta waya, suna yin haka a tsakaninsu.

Kuɗi kuma, ki tsaya haka da sayar da kaya, keken ɗinkin nan musamman kar ki bari ya fita dan shi zai riƙe gidan watannin da ke tafe. Abin da ake kashewa a allurar kemis da kankara in aka tsayar ya isa fara gwaje-gwajen. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ki tambaya a nuna miki ki kai kokenki a rubuce, jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da ke taimaka wa marasa lafiya, ga masallacin unguwa ga abokan sana'arsa. Ki gaya wa likita gaskiyar aljihunku tun farko dan ya zaɓi magani da gwajin da za ku iya ɗorewa a kai, fara magani mai tsada a yanke a tsakiya ya fi cutarwa. 'Yan uwansa kuma a zauna a raba nauyin a fili, wane zai ɗauki magani wane zai ɗauki mota, ba aikinki ba ne ke kaɗai.

Ke ma ki samu ƙanwa ko 'yar uwa ta zo ta kama miki yara ko kwana biyu ne a sati ki samu barci, mai shayarwa da ba ta ci ba ta barci ita ma kwanciya za ta yi. In kun ga likitan ki sake rubuto min, musamman in gwajin suga ko na tarin fuka ya nuna wani abu, dan a nan tsarin abinci da na zaman gida zai ɗan canza sai mu sake dubawa tare. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya ba ki ladan jinya.